Tsofaffin Ƙananan Jiragen Sama Masu Rediyo: Haɗawa da Tuƙi

Tsofaffin ƙananan jiragen sama masu rediyo su ne jiragen katako da aka zana tun daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa wajen 1970, ake sayar da su a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da hannunsa, sannan ya tsaya a ƙasa ya tuƙa su da na'urar rediyo. Faɗin fukafukansu yakan kama daga mita ɗaya zuwa mita biyu da 'yan kai. Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya da Jamus, kuma har yau akwai masu farautar tsofaffin kwalaye, da masu sake yanka katako bisa zanen asali. Abin da ya raba waɗannan jirage da na zamani shi ne an ƙera su ne su iya shawagi da kansu. Rediyon wancan lokaci ba abin dogaro ba ne, saboda haka jirgi ne ke riƙe kansa a sama, matuƙi kuwa sa baki kawai yake yi lokaci zuwa lokaci.

Asali

Kafin rediyo, ana sakin ƙananan jirage ne su tafi inda iska ta kai su, mai jirgi ya bi da gudu. Injin fetur na Brown Junior da ya fito a Philadelphia a shekarun 1930 ya sa jiragen suka girma, suka kuma riƙa ɓacewa. A 1937 aka fara sa rukunin rediyo a gasar ƙasa ta Amurka a birnin Detroit, Chester Lanzo ya zo na ɗaya. Amma sunan da tarihi ya fi riƙewa shi ne na tagwaye Walt da Bill Good, mutanen Kalamazoo a jihar Michigan. Walt ya ƙera jirgin, Bill ya haɗa rediyon. Jirginsu Guff, mai faɗin ƙafa 8, ya lashe gasar a 1938, 1939, 1940 da 1947, kuma yanzu yana hannun gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka shigo da ƙarfi. A Ingila, Keil Kraft ya fitar da Junior 60 na Albert Hatfull a 1946, da farko a matsayin jirgin saki, daga baya aka gyara shi don rediyo. Vic Smeed ya buga zanen Tomboy mai inci 36 a mujallar Aeromodeller a 1950. A Amurka akwai Live Wire na Hal deBolt, da Falcon 56 na Carl Goldberg a 1962, wanda ɗimbin mutane suka koyi tuƙi a kansa, sai Ugly Stik na Phil Kraft da Kadet na kamfanin Sig da ke Montezuma a jihar Iowa. Top Flite ya sayar da Orion, jirgin da Ed Kazmirski ya ci gasar duniya ta farko ta wasan juyi da shi a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan a 1960.

Rediyon da

Nan ne labarin ya fi daɗi, kuma wanda bai fahimci rediyon ba, ba zai gane dalilin siffar jirgin ba. Na'urorin farko da kwan rediyo irin na tsofaffin akwatuna suke aiki, ga batura masu nauyi, har akan ajiye akwatin aika saƙo a ƙasa da doguwar eriya, matuƙi ya riƙe maɓalli ɗaya tak a hannu. Saƙo ɗaya ne: ko a danna ko a saki. A cikin jirgi akwai igiyar roba da ake murɗawa kafin tashi, da wata 'yar ƙugiya da maganaɗisun lantarki ke saki. Duk dannawa sai ƙugiyar ta bar robar ta warware kaɗan, ta karkata allon jela. A nau'in da ya fi sauƙi, a jere abin yake tafiya: ka danna jirgi ya yi dama, ka saki ya miƙe, ka sake dannawa ya yi hagu. Wanda ya manta inda ya kwana a lissafin sai ya ga jirginsa ya nufi bishiya. Nau'in da ya biyo baya ya sauƙaƙa: danna ɗaya dama, biyu hagu. Idan kuma aka manta murɗa robar, ko ta gama warwarewa a sama, linzami ya ƙwace ke nan.

Duk da haka gwanaye sun yi abin mamaki da allon jela kaɗai. Idan aka riƙe maɓallin, jirgi yakan sunkuyar da kai ya riƙa gangarowa yana kewayawa, gudunsa na ƙaruwa. Da zarar an saki, ƙarin gudun ya ɗaga hancinsa sama, har ya yi alkafura. Babu hanyar kashe inji a yawancinsu. Sai mai ya ƙare, jirgi ya sauko yana lilo a hankali.

A shekarun 1950 aka samu na'ura mai siraran ƙarafa da kowanne ke rawa idan ya ji sautin da ya dace da shi, wadda ta ba da damar sarrafa allon hawa da sauka, da allunan gefen fiffike, da totur. Sai dai ko wane allo ko dai ya tafi gaba ɗaya ko ya tsaya cik, shi ya sa matuƙa suka koyi taɓa makunnai da sauri-sauri. A farkon shekarun 1960 Doug Spreng da Don Mathes suka fito da tsarin da allo ke motsi daidai gwargwadon yadda aka tura sanda, ta hanyar bugun lantarki mai tsawon kashi 1 zuwa 2 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ma'auni har yau ana amfani da shi. Zangon rediyon da aka fi amfani da shi a shekarun 1950 megahaz 27 ne, daga baya Amurka ta ware 72, Birtaniya da maƙwabtanta 35. Jirage biyu ba sa hawa zango ɗaya a lokaci guda, don haka a wancan lokaci kowane fili yana da allon da ake rataye alamar zango, ba ka kunna rediyonka sai alamar tana hannunka. Zuwan gigahaz 2.4 a tsakiyar shekarun 2000 ne ya kawo ƙarshen wannan al'ada.

Abin da ke cikin kwali

Ginshiƙin komai shi ne katakon balsa. Bishiyar a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take fitowa, mafi yawan na kasuwa daga Ekwado yake zuwa, kuma dangin rimi da kuka ce. Matsakaicin nauyinsa kilo 160 ne a mita ɗaya ta kowace fuska, wato bai kai kashi ɗaya cikin shida na nauyin ruwa ba. Amma falanki ya bambanta da falanki nesa ba kusa ba. Ƙwararren mai haɗi yakan auna kowanne, ya kai mara nauyi jela, mai tauri kuma ya yi ƙashin fiffike da hanci da shi.

Ban da balsa akwai filawud na inda za a ɗaura inji, da wayar ƙarfe ta ƙafafu, da takarda ko siliki na rufi, da babban zane mai girman jirgin daidai wa daida. A kwalayen farko, buga siffar sassa kawai aka yi a kan katako, kai za ka bi da reza. Daga baya aka riƙa datse su da injin matsi, wanda idan bakinsa ya dakushe sai ya murƙushe katakon maimakon ya yanka. Kamfanonin da ke sake fito da tsofaffin ƙira a yau da hasken leza suke yanka, sassan na shiga juna ba tare da gyara ba.

Haɗawa

Ana shimfiɗa zanen a kan allo mai laushi wanda bai lanƙwashe ko kaɗan ba, a rufe shi da siririyar leda kada gam ya kama takarda. Sai a jera sanduna bisa layukan, a kafe su da fil. Gefunan gangar jiki biyu akan gina ɗaya a kan ɗaya domin su fito iri guda. Fiffike kuwa ƙashi ne dogo da aka jera wa haƙarƙari, kowanne da siffar da ke sa iska ta ɗaga jirgi. Fukafukan biyu ana haɗa su ne bakinsu na ɗan kallon sama. Wannan ɗagawar ita ce sirrin natsuwar tsohon jirgi: idan ya karkata gefe, fiffiken da ya yi ƙasa ya fi samun ɗauka, sai jirgi ya daidaita ba tare da an taɓa komai ba. Rage wannan kusurwa don a ƙawata jirgi kuskure ne, matuƙar allon jela kaɗai ke juya shi.

Rufi shi ne aikin da ke gwada haƙuri. Ana manna takarda ko siliki, a fesa ruwa ya bushe ya ɗaure, sannan a shafa wani ruwa mai kaifin wari da ake kira dof, shafi bayan shafi, har fatar ta yi kamar ta ganga. Dof yana ci gaba da ja bayan ya bushe, kuma yana iya murɗe fiffike mara ƙarfi, saboda haka ake kafe shi a allo har ya gama shan iska. Yana kama wuta da sauri, ba a aiki da shi a rufaffen ɗaki. A 1966 Top Flite ya fito da MonoKote, leda mai gam da ake liƙawa da dutsen guga, aikin mako ya koma na yini. Amma masu kishin asali sun fi son siliki, kuma suna da hujja: idan rana ta ratsa fiffiken siliki a sama, ana ganin kowane haƙarƙari.

Fiffike da robobi ake ɗaure shi a jiki, domin in an faɗi ya zame maimakon ya karye.

Inji

Injinan farko filogi da kwayil da batir suke amfani da su kamar mota. A 1947 Ray Arden ya kawo filogi mai siririyar wayar filatinam. Ana ɗumama ta da batir mai bolt 1.5, in inji ya tashi a cire batir, ita kuma ta ci gaba da yin ja saboda haɗuwarta da sinadarin metanol da ke cikin mai. Man nasa metanol ne da naitiromitan da man zurma. A Birtaniya an fi son ƙananan injinan da matsi kaɗai ke tayarwa, irin su Mills 1.3, masu shan sinadarin ita (ether) da kananzir da man zurma. Man zurman ne ke daskarewa ya kama tsohon injin da ya daɗe a ajiye. Zafi kaɗan da sabon mai kan sake shi, tilasta masa da filaya kuwa ɓarna ce. Da sanda ake kaɗa farfela, ba da yatsa ba.

Tuƙi a yau

Kafin tashin farko ana ɗora jirgi a kan yatsu biyu a wurin da zane ya nuna, galibi tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike daga gaba. Jirgin da nauyi ya rinjaya baya ba ya jin linzami. Matsalar ta fi bayyana idan aka sa injin lantarki, domin tsofaffin ƙira gajeren hanci gare su, an lissafa da nauyin injin ƙarfe, dole a tura batir gaba ko a ƙara dalma. Yawan ƙarfi ma illa ne: an saita fiffikensu don tafiyar hankali, in aka cika wuta sai su yi ta cilla hanci sama. Shi ya sa ake ɗan sunkuyar da inji ƙasa da kuma dama. Sun fi son sanyin safiya ko yamma lokacin da iska ta kwanta. Wasu ma sukan cire cikin tsohon akwatin rediyo su sa na gigahaz 2.4, su bar maɓalli ɗayan yadda yake.

Akwai saɓani kan tsohon kwalin da ba a taɓa buɗewa ba. Masu tarawa suna ganin yanka shi asara ce, masu haɗi suna cewa don tashi aka yi shi. Da yawa sukan bi tsakiya, su kwafi sassan a sabon balsa su adana na asali.

Ƙungiyar Society of Antique Modelers tana kula da ƙirar zamanin farko, Vintage Radio Control Society kuma da jiragen zamanin rediyo. Academy of Model Aeronautics, wadda aka kafa a 1936, tana da gidan tarihi a Muncie ta jihar Indiyana. A Ingila an daɗe ana taruwa a filin Old Warden. Doka ta canja: a Disamba 2015 Amurka ta fara wajabta rajista ga jirgin da ya haura giram 250, Birtaniya ta kafa nata tsarin rajista a 2019, kuma iyakar hawa da aka saba sawa ƙafa 400 ce, kimanin mita 120.