Zakaran Sokiratis da mafarkin Dekat

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kotun birnin Atina na ƙasar Girka ta yanke wa masanin falsafa Sokiratis hukuncin shan guba. Almajirinsa Aflatun ya ruwaito cewa da gubar ta kama jikin dattijon, maganarsa ta ƙarshe ita ce ya tuna wa abokinsa Kirito cewa Askilifiyos, gunkin waraka, yana bin su bashin zakara, kada a manta a biya. Mutumin da jami'o'i ke kira uban tambaya da hujja ke nan.

Labarin asalin falsafa da aka saba koyarwa ba shi da gargada. Wai Girkawa suna cikin tatsuniyoyin gumaka sai Talis na Militus ya ce ruwa ne asalin komai, daga nan hankali ya karɓi ragama har zuwa Turai ta yau. Akwai gaskiya a ciki, amma an yi wa labarin aski. Talis ɗin nan, in ji Aristotal, shi ne kuma ya ce komai cike yake da alloli. Fitagoras, wanda yara ke haddace ƙa'idarsa a darasin lissafi, shugaban wata ƙungiyar asiri ne a kudancin Italiya. Ya hana mabiyansa cin wake, ya koyar da cewa rai na ƙaura daga jiki zuwa jiki. Har an yi masa ba'a cewa ya hana dukan wani kwikwiyo don ya ji muryar marigayi abokinsa a kukansa.

Shi kansa Sokiratis daga ɗakin tsafin Delfi aikinsa ya samo tushe. Can wata mata ce ke zama gunkin Afolo na magana ta bakinta, wadda da a nan ne sai mu ce 'yar bori. Ita ta ce babu wanda ya fi shi hikima, shi kuma ya shiga gari yana titsiye masu ji da kansu don ya gane me take nufi. A gaban kotu bai ɓoye ba cewa tun yana yaro wata murya ke tsawata masa idan zai yi abin da bai dace ba.

Da ilmin falsafar ya isa Bagadaza zamanin Abbasiyawa, duka biyun ya tafi da su, wato hujjar hankali da sha'anin gaibu. Mantiƙin Aristotal ya bi ta hannun su Alfarabi da Ibn Sina, har burbushinsa ya iso zaurukan malamanmu. Amma a da'irar Alkindi, masanin falsafa Balarabe, an fassara wani littafi da aka jingina wa Aristotal, alhali maganganun Filotinus ne, wani masanin falsafa na zamanin Rumawa mai bayanin yadda rai ke barin jiki ya hau sama.

To, sai Dekat, Bafaranshen da ake cewa da shi falsafar zamani ta fara, wanda ya ce a yi shakkar komai sai abin da hankali ya tabbatar. A daren 10 ga Nuwamba, 1619, yana soja a Jamus, ya yi mafarki uku a jere. Ya fassara su da kansa, ya ɗauka daga sama aka nuna masa aikin rayuwarsa, ya kuma yi alwashin kai ziyarar godiya wurin ibadar Maryama da ke Loreto a Italiya.