Waiwaye: Baje kolin da suka buɗe hanyar kai wutar lantarki nesa

A watan Agustan 1881 aka buɗe baje kolin lantarki na ƙasa da ƙasa na farko a birnin Paris, aka shafe wata uku ana yi. Jama'a sun yi dafifi don ganin ƙwan fitilar Edison da na Swan, da taragon kamfanin Siemens mai tafiya babu doki, da na'urar Clément Ader wadda ta sa mutum ya kara kunne ya ji waƙar da ake rerawa a gidan Opera. A gefe kuma masana suka zauna suka daidaita ma'aunin wuta, irin su bolt da amfiya, waɗanda duk mai gyaran wuta ke aiki da su har yau.

Sai dai an tashi daga Paris da babbar matsala: wutar zamanin ba ta jure tafiya, mai yawa daga cikinta a hanya take salwanta. Dole injin samar da wutar ya zauna kusa da fitila.

A baje kolin Munich na 1882, Oskar von Miller da Bafaranshe Marcel Deprez suka janyo wuta daga Miesbach, tafiyar kilomita 57, a kan wayar tangaraho. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ya iso, kuma bayan 'yan kwanaki injin ya lalace. Duk da haka an ga zahiri cewa ana iya kai wuta nesa. A Turin, a 1884, aka nuna taransifomar Gaulard da Gibbs, na'urar da ke ɗaga ko sauke bolt na wuta don a iya kai ta nesa.

A ganina, na Frankfurt na 1891 shi ne ya raba gardama. Miller ɗin dai ne ya sake tsayawa kai da fata. Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG da Charles Brown na Oerlikon suka ɗauko wuta daga kogin Neckar a garin Lauffen, kilomita 175, da tsarin layi uku, wato wuta mai kai-komo (AC) da ake turawa ta wayoyi uku. Ta kunna ƙwan fitila dubu, ta kuma tuƙa famfon da ke kwararo ruwa daga wani dutse da aka gina a filin. Wannan karon kusan kashi 75 cikin 100 ne ya iso lafiya. Masu cewa sai kowace unguwa ta kafa injinta suka rasa ta cewa.

Tsarin nan na layi uku shi ne a kan dogayen turakun da ke kai wutar Kainji zuwa Birnin Kebbi, har Yamai.