Waiwaye: tun ranar da aka daina yasar rijiya

Tun da damina ta kankama ake ta ja-in-ja kan gurɓacewar ruwan ƙauyukanmu na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wasu na cewa ai ƙazantar mutanen ƙauye ce kawai, wasu kuma sun ɗora komai a kan ambaliya, musamman bayan abin da aka gani a Yagwa da Kusiri a 2022 da kuma 2024. Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya fi shekara arba'in yana tafe a gabanmu.

Na farkon labarin kowa ya sani. Kwalara ta shigo Kamaru da Chadi a 1971, sai farin 1973 da na 1984 suka biyo baya, rijiyoyi suka ƙafe, tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya sosai. A 2010 amai da gudawa ya kama sama da mutum 10,000 a Kamaru, mafi yawa a nan wajenmu, sama da 600 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Amma akwai abin da ya faru a tsakiyar nan wanda ba a cika ambatonsa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekaru goma na samar da ruwan sha da tsabtar muhalli, a lokacin ne foraj, wato rijiyar burtsatse mai famfo, ya fara yawa a ƙauyuka, wani na tuƙa-tuƙa wani na takawa da ƙafa. Wallahi alheri ne babba, iyayenmu mata sun huta da tafiyar asuba da tulu a ka, kurkunu da ke kwantar da manoma a tsakiyar aikin gona ya yi ta raguwa har a 2007 aka tabbatar Kamaru ta rabu da shi. Sai dai fa ruwan ya shigo gari ne ba a tanadi inda zai fita ba, kuma ya zo da wani tunani sabo, cewa ruwa kayan proje ne, wato na gwamnati ko ƙungiyar da ta kawo aikin, ba na gari ba.

Kafin nan rijiya ta kowa ce. Ina yaro na ga yasar rijiyar unguwarmu, da rani ake yi in ruwa ya ja ƙasa, jauro, wato mai unguwa, ya sa rana, matasa su taru gayya, a ɗaura wa mutum ɗaya igiya a ƙugu a zura shi, yana cika guga da baƙin laka ana ja, har da tsofaffin wasaki da moɗa da suka faɗa shekara da shekaru, mata na kawo kunu. In an gama sai a gyara bakin rijiyar, a ɗaga shi, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Kuma yaro bai isa ya tsuguna kusa da wurin ba, duk dattijon da ya gan shi zai kore shi ko ba ɗansa ba ne. Da foraj ya zo sai aka kafa komite, aka ce kowane gida ya riƙa ba da ɗan kuɗi na gyara, wasu suka bayar wasu suka ce wanda ya kawo shi ya gyara, ita kuwa tsohuwar rijiya aka juya mata baya. Bara na tambayi ƙanin mahaifiyata, na ce Kawu yaushe rabon da a yashe ta? Ya daɗe yana lissafi, ya ce ɗana, ina jin tun kafin a haifi ƙannenka.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Da can ruwan da gida ke amfani da shi kaɗan ne, na wanke-wanke a watsa a tsakar gida rairayi ya shanye, sharar ma toka ce da kara da kashin awaki, duk taki ne. Yanzu ruwa ya ƙaru, mutane sun ƙaru, kowace rariya na zuba a lungu, lungu ya kai kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, nan kumfar sabulun gari take taruwa, nan leda take toshe hanya duk da an hana irinta tun 2014, a nan ma wani zai wanke tankin feshin audugarsa. Masai kuma an haƙa, abu mai kyau, amma fili ya yi kaɗan sai ka ga taku goma ne tsakaninsa da rijiya, alhali masana na cewa a bar aƙalla mita 30, kuma a ƙasar fadama irin ta bakin kogin Logon ruwan ƙasa yana tasowa da damina har su haɗu ta ƙarƙashi ba wanda ya gani.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa mutanenmu ba su damu da tsabta ba. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana ya san darajar ruwa. Abin da aka koya mana shi ne in launi da ɗanɗano da wari ba su canza ba to ruwa mai tsarki ne, wannan kuwa hukuncin ibada ne, sai muka ɗauke shi har zuwa randar sha, ga shi ƙwayar kwalara ba ta canza ko ɗaya daga cikin ukun. Kuma addinin nan dai shi ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya hana biyan buƙata a mashaya.

Foraj ɗin unguwarmu ya lalace tun kafin azumi, kuɗin komite bai kai ba. Rijiyar da aka bari cike take da leda, don haka da sassafe za ka ga yara da bido, wato jarka, sun nufi mayo, wato rafi, suna tona rairayi da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo, ƙasa kaɗan da inda kududdufin gari ke malala in an yi ruwan sama.