Furotin masu nuna makomar sankarar ƙashi

Furotin masu nuna makoma sinadarai ne da ake aunawa a jinin majiyyaci ko a cikin naman ƙarin da aka ciro, don a kimanta inda sankarar ƙashi ta dosa: ko za ta bazu zuwa huhu, ko za ta ji magani, ko za ta dawo bayan tiyata. Galibin binciken an yi shi ne a kan ostiyosakoma, wadda ta fi kowace sankara mai farawa daga ƙashi yawa, sai kuma a kan sakomar Ewing, wata sankarar ƙashi daban. Sankarar da ta taso daga nono ko huhu ta sauka a ƙashi ba ta cikin wannan bayani.

Abin da ya sa ake nemansu

Ostiyosakoma ta fi kama matasa 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma ta fi fitowa a ƙasan ƙashin cinya kusa da gwiwa, da saman ƙashin ƙwauri, da saman damtse. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke gaɓa kaɗai ake yi, waɗanda ke kai shekara 5 a raye ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Da aka haɗa tiyata da magungunan metotreksat da doksorubisin da sisplatin, adadin ya kai kashi 60 zuwa 70 ga wanda cutarsa ba ta bazu ba, amma bai wuce 20 zuwa 30 ba ga wanda ta riga ta bazu.

Ma'aunin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne yawan naman ƙarin da magani ya kashe. Ana ba da magani na kusan mako 10, a cire ƙarin, a yayyanka shi a duba. Bisa tsarin da Andrew Huvos da abokan aikinsa suka fitar a New York a 1977, idan kashi 90 ko fiye ya mutu, an ce cutar ta ji magani. Matsalar ita ce amsar tana zuwa a makare. Wani babban gwajin magani mai suna EURAMOS-1, wanda ya yi rajistar majiyyata sama da 2,000, ya nuna cewa ƙara magungunan ifosfamid da etoposid ga waɗanda cutarsu ba ta ji magani ba bai gyara makomarsu ba, illa dai ya ƙara musu wahala. Shi ya sa ake neman alamar da za a karanta tun ranar da aka gano cutar.

Na jini

Biyu ne suka shiga aikin asibiti na yau da kullum, ALP da LDH. ALP sinadari ne da ƙwayoyin da ke gina ƙashi suke fitarwa, saboda haka ƙarin da ke ƙera ƙashi da yawa yakan ɗaga shi. Wanda ALP ɗinsa ya hau tun kafin magani ya fi fuskantar bazuwar cutar. Yakan sauka bayan magani da tiyata, kuma idan ya sake hawa a wajen wanda da ma nasa ya yi sama, dalili ne na ɗaukar hoton huhu da na gaɓar. Sai dai karanta shi na buƙatar lura. Yaro mai tsakiyar girma yana iya samun ninki biyu ko uku na babba alhali lafiyarsa ƙalau, don haka da ma'aunin shekarunsa ake gwada shi. Karayar da ke warkewa da ciwon hanta da juna biyu duk suna ɗaga shi; idan ana zargin hanta, sai a auna GGT, sinadarin da ke hawa a ciwon hanta, tare da shi.

LDH kuwa yana nuna yawan ƙwayoyin da ke aiki da mutuwa a cikin ƙarin, kuma ya fi amfani a sakomar Ewing. Kuskurensa wajen ɗibar jini da sarrafa shi yake faruwa: jajayen ƙwayoyin jini cike suke da shi, don haka idan suka fashe saboda allura siririya, ko girgiza kwalba, ko jinkirin tace jinin, sakamakon zai hau ba don cutar ba. Ruwan jinin da ya yi ja-ja maimakon rawaya, a sake ɗiba.

Na cikin nama

P-glaikofurotin famfo ne a jikin ƙwayar sankara da ke fitar da magani waje kafin ya yi aiki, kuma doksorubisin na cikin abin da yake fitarwa. A 1995 masu bincike na Cibiyar Rizzoli da ke Bologna a Italiya suka wallafa cewa majiyyatan da ƙarinsu ke ɗauke da shi da yawa sun fi samun dawowar cutar. Wasu cibiyoyin sun maimaita aikin ba su samu haka ba.

Ezrin yana ɗaure fatar ƙwaya da ƙwarangwal ɗinta na ciki. A 2004 Chand Khanna da abokansa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin ostiyosakoma na buƙatarsa don su rayu idan suka isa huhu. Sun ga haka a ɓeraye da karnuka da yara. Manyan karnuka suna kamuwa da wannan cuta sosai, abin da ya sa suke da muhimmanci a binciken.

VEGF, mai jawo sabbin jijiyoyin jini zuwa ƙari, an danganta yawansa da bazuwa. Furotin HER2 ya sa an yi kyakkyawan zato saboda nasarar da aka samu da shi a sankarar nono, amma rahotanni sun saɓa, kuma gwajin trastuzumab, maganin da ke kai wa HER2 hari, a ostiyosakoma mai bazuwa bai nuna riba ba. A sakomar Ewing, rashin furotin STAG2, musamman idan ya haɗu da lalacewar p53 mai hana ƙwaya zama sankara, yana tafiya da mummunar makoma. CD99 kuwa, duk da yawan ambatonsa, taimakawa yake wajen gane cutar, ba ya faɗin abin da zai biyo baya.

Inda aikin ke lalacewa

Hanyar da aka saba bi wajen auna furotin na cikin nama ita ce a ciro ɗan nama da allura mai kauri, a jiƙa shi a fomalin mai ƙarfin kashi 10, a tausasa ƙashin, a zuba shi cikin kaki, a yanka shi siriri kamar maikron 4, a ɗora antibodi mai kama furotin da ake nema. Inda furotin yake sai ya yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin duba ƙananan abubuwa. Wasu suna ƙirga kashin ƙwayoyin da suka rinu kawai, wasu suna haɗa shi da ƙarfin launin su ba da maki daga 0 zuwa 300. Abin da wannan ya kira mai yawa, wancan zai kira shi kaɗan.

Tausasa ƙashin shi ne ya fi ɓata sakamako. Ƙashi ba ya yankuwa sai an cire masa sinadarin kalsiyam. Asid mai ƙarfi, irin su naitirik da haidirokulorik, yana gama aikin da sauri, amma yana lalata siffar furotin har antibodi ya kasa gane shi, sai a rubuta babu alhali akwai. EDTA, wani sinadari mai janye kalsiyam a hankali, yana kiyaye furotin da DNA, sai dai yana cin kwanaki ko makonni gwargwadon kaurin ƙashin. Asid ɗin fomik yana tsakani. Rahotanni da yawa ba su ma faɗi wanda suka yi amfani da shi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya jawo wani ɓangare na saɓanin da ake gani.

Sannan ostiyosakoma ba ta da yawa, mutum 3 zuwa 4 ne cikin miliyan a shekara, don haka bincike da dama a kan majiyyata 'yan gomomi aka gina shi. Ƙari ɗaya ma ba iri ɗaya ba ne daga gefe zuwa tsakiya, allura kuma ɗan tsagi take ɗaukowa. Naman da aka cire bayan magani ya riga ya mutu ko ya canza, saboda haka a kan na farko ake awo. Ɗakunan gwajin da suka ƙware sukan ware sashe mai laushi na wannan naman farko tun kafin a sa sauran a asid, su daskarar da shi ko su sarrafa shi ba tare da tausasawa ba.