Gudu-gudu daga asuba har isha'i, yaushe mutum zai zauna da kanshi?

Maganar a fada ta taso, bayan magariba, ana kan shayi na biyu. Wani abokinmu mai kabu-kabu ya ce wallahi ranar nan ya ɗauko mutum daga tasha zai kai shi unguwar Zariya, sai da ya wuce kwanar gidan da nisa fasinja ya dafa mishi kafaɗa sannan ya ankara, jikinshi na bisa moto amma shi ba ya nan. Aka yi dariya, amma kowa ya san ciwon. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, ga amsoshin da na ba da.

Tambaya: Wai mi ake nufi da zama da kai? Ba irin zancen nasara ba ne, na waɗanda suka ƙoshi?

Amsa: A'a ɗan'uwa, saurari bakinmu kawai. Muna cewa hankalinshi ya tashi, hankalinshi ya kwanta, ya dawo cikin hayyacinshi. Ke nan mun san hankali na barin mutum alhali shina tsaye da ƙafafunshi. Zama da kai shi ne ka san mi kake ji yanzu, fushi ne ko gajiya ko tsoron bashi, kafin abin ya fito ta bakinka ya faɗa kan yaron shago ko kan iyali. Malamai na ce mishi muhasaba. Annabi (SAW) kanshi yakan keɓe a kogon Hira kafin wahayi ya sauko, kuma i'itikafin goman ƙarshe na azumi keɓewa ne daga hayaniya.

Tambaya: Ni kullum ina hanyar Dan Isa da Jibiya, wajen iyakar Nijar da Najeriya, wajen kaya, in na dawo kuma kasuwa. Ina na ga lokaci?

Amsa: Alhaji lokacin kana da shi, har sau 5 a yini, sai dai mun maida shi wani aikin da ake sauri a gama. Ka lura da sallar azahar a bakin kasuwa: tabarma na shimfiɗe gaban shago, mutum ya kabbarta amma kunnenshi na wajen yaron da ke ciniki a bayanshi, waya na kuka cikin aljihun riga, ruku'u da sujada kamar kaza na tsattsagar hatsi, ana sallamewa hannu ya riga ya kai ga wayar. Akwai hadisi sananne na mutumin da ya yi salla gaban Annabi (SAW) aka ce mishi ya koma ya sake don bai yi salla ba, har sau 3, abin da ya rasa shi ne natsuwa, wato kowace gaɓa ta zauna wurinta kafin a wuce. To wannan natsuwar ita ce muke nema a wani wuri daban alhali tana cikin farillar da muke yi kullum.

Ni abin da na gwada ya yi mini aiki ƙarami ne: in na sallame ba na tashi sai na yi tasbihin nan 33, 33, 33 da yatsu, a hankali, ba na jan carbi kamar ana kora ta. Bai kai minti 3 ba. Ciniki bai taɓa gudu saboda minti 3 ba, in ma ya gudu ba rabonka ba ne. Sannan zaman mota da jiran layi a iyaka, wanda ke ba kowa haushi, shi ma lokaci ne in ba ka cika shi da TikTok ba.

Tambaya: Sana'ata duk bisa WhatsApp take, in na kashe waya na kashe kasuwa.

Amsa: Ba wanda ya ce ka yar da ita. Amma ka duba gaskiya, cikin saƙo 100 nawa ne na kuɗɗi? Saura gurup ne na dangi da na 'yan lakwal da murya mai minti 7 wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Masu ƙera waɗannan manhajoji da tallace-tallace suke cin abinci, ribarsu ita ce ka daɗe kana kallo, shi ya sa bidiyo ba ya ƙarewa. Ka rufe bakin gurup-gurup, ka bar na kwastoma, kuma kada wayar ta zama abin da ka fara gani da asuba.

Tambaya: Ku maza kuna da fada da masallaci. Mu fa, ga girki ga yara ga suyar awara, ɗakin ma ba ni kaɗai ba ce?

Amsa: Hajiya gaskiyarki, naku ya fi wuya, kuma duk namijin da ya ce ba haka ba bai taɓa yini a gida ba. Amma ki tuna maganar da Salmanul Farisi ya yi wa Abu Darda'i, Annabi (SAW) ya gaskata ta: Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka. Ke nan hutunki haƙƙi ne, ba son jiki ba. Ba sai kin samu ɗaki ke kaɗai ba. Bayan sallar asuba kafin a hura wuta, ki ƙara zama bisa tabarmar kaɗan. In rai ya ɓaci tsakar rana, yaro ya kifar da ƙullu misali, kafin ki ɗaga hannu ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, sau biyar ko shida. Ba camfi ba ne, lokacin fitar numfashi bugun zuciya na raguwa, haka jiki yake. Kuma in kina tsintar wake ko wanke-wanke, wata rana ki kashe rediyo ki ji abin da ke cikin ranki. Maigida in kana karantawa, ɗaukar yara ka fita da su na awa guda ba ya rage girma.

Tambaya: Shayi na da hannu ciki?

Amsa: Sosai, ko da 'yan fada za su ji haushi na. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi mai hana barci, bayan kamar awa 5 rabinshi na nan cikin jini, to wanda ya sha na farko mai ɗaci ƙarfe goma na dare ya san abin da ya saya. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, wanda bai yi barci ba kuwa komi ƙanƙantar magana sai ta zame mishi faɗa. A zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, ƙailula ko ta minti 20 ce tana gyara yamma. Tramol kam ba na ma sa shi a lissafi, aron ƙarfin gobe ne.

Tambaya: Ni da na zauna shiru sai tunani ya taso mini, bashi, haya, rashin lafiyar tsohuwa. Gara hayaniyar.

Amsa: Dama suna nan ƙanena, hayaniya rufe su kawai take, sai su fito cikin dare ko ta hawan jini. Ka samu takarda ka rubuta su, ka ware wanda za ka iya taɓawa gobe, kamar zuwa wajen mai bashi ka nemi ya ɗaga maka zuwa ƙarshen wata, sauran ka kai su cikin addu'a. Amma in baƙin ciki ya kai sati 2 ba ya tafiya, abinci ba ya ciyuwa, barci ya ƙi, abin da kake so da duk ya fita ranka, ko kana jin gara mutuwa, wannan ya wuce zaman tabarma, ciwo ne mai magani. Ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi ya raka ka likita, a yau ba sai gobe ba.