Adana fatar mamata mai zanen tatu

Adana fatar mamata mai zanen tatu wata al'ada ce da wasu likitoci da masu tara kayan fasaha ke yi, inda ake cire fatar mutum bayan ya mutu, a sarrafa ta don kada ta ruɓe, a ajiye saboda zanen da ke jikinta. Tatu ba kamar lalle ba ne da ke gogewa. Tawada ake cusawa ƙarƙashin fata da allura, sai dai mai ita ya tafi kabari da abinsa.

Wanda ya fi suna a wannan harka shi ne Fukushi Masaichi (1878–1956), likitan binciken cututtuka ɗan Japan. Daga nazarin tawadar Allah ya faɗa sha'awar irezumi, wato zanen Japanawa da ke rufe baya da ƙirji da cinyoyi da hotunan dodanni da kifaye da furanni. Da hannu ake yin sa, allurai a bakin ɗan sanda, kuma cikakken zane kan ɗauki shekaru ana shan azaba ana biyan kuɗi. Gwamnati ta haramta shi a 1872, ba a ɗage haramcin ba sai 1948, don haka a ɓoye masu zanen ke aiki. Fukushi kan biya wa wanda kuɗinsa ya ƙare a ƙarasa masa zanen, da sharaɗin idan ya mutu fatar ta likita ce. Fatu ɗari da 'yan kai suna ajiye a Jami'ar Tokyo, ba a kuma buɗe wa kowa da kowa.

A Landan ma akwai guntaye wajen 300 da aka saya a Faris a 1929 don tarin Henry Wellcome, ɗan kasuwar magunguna mai tara kayan tarihin likitanci.

Na zamani ya fi ɗaure kai, domin mai fatar yana raye aka yi ciniki. Wim Delvoye, wani mai fasaha ɗan Beljiyam, ya tsara zanen tatu a bayan Tim Steiner ɗan Suwizalan, a 2008 wani Bajamushe, Rik Reinking, ya sayi zanen kan Yuro 150,000. Steiner kan zauna a gidajen baje kolin fasaha ba riga, ya juya wa jama'a baya, sa'o'i ana kallo. Yarjejeniyar ta ce ranar da ya mutu za a cire fatar bayan, a sa a firam, a miƙa wa wanda ya saya.