Kwamfuta tana mutuwa ana cikin tace bidiyo: ina za a fara dubawa?

Fomatin shi ne maganin da aka fi saurin ba kwamfutar da ke mutuwa ana tsakiyar tace bidiyo, kuma sau da yawa ba ya warkar da ita. A goge komai, a sake zuba Windows da manhajoji, a yi asarar yini guda, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Dalili shi ne ba a tsaya an lura da yadda take mutuwar ba, alhali a nan ne rabin amsar take. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kwamfutar tebur mai Windows, musamman ga masu aiki da manhajojin tace bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve.

Kwamfutata tana mutuwa in ina aiki. Laifin manhajar ne ko na kwamfutar?

Kafin komai, wace irin mutuwa take yi? Kalmar ɗaya ce a bakinmu, amma abubuwa daban-daban ne.

Idan manhajar ce kawai ta rufe, ka ga kanka a kan allon farko, linzami yana motsi, sauran abubuwa suna aiki, to Windows lafiyarta ƙalau. Ka nemi matsalar a cikin manhajar, ko a wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da aka ƙara mata, ko a bidiyon da ka ɗora. Idan allon ya yi baƙi na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, manhajar kuma ta ƙame, katin hoto ne (graphics card) ko direbansa, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows. Windows tana jiran katin hoto daƙiƙa 2 ne kawai. In bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, manhajar da ke dogara da shi kuma ta faɗi. Idan shuɗin allo ya fito da rubutu, wanda a sabuwar Windows 11 ya koma baƙi, to abin ya kai zuciyar Windows: direba ne, ko RAM, ko firosesa.

Ta ƙarshe ita ce wadda ta fi gaya maka gaskiya kai tsaye. Kwamfutar ta ɗauke ɗif, ba gargaɗi, ba rubutu, ko ta mutu ta sake tashi da kanta. Wannan kusan kullum wuta ce ko zafi. Premiere ba ta da ikon kashe kwamfuta haka. Iyakacinta ta ɗora mata nauyin da zai tona asirin raunin da dama yana nan.

Ta riga ta tashi, ban ga abin da aka rubuta ba. Akwai inda zan gani?

Akwai. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Zai buɗe maka Reliability Monitor, jadawali ne na kwanaki, duk ranar da aka sami matsala za ka ga jan tambari. Ka danna na ranar da abin ya faru, ka nemi layin Faulting module. Idan sunan da ke wurin ya fara da nv, kamar nvlddmkm, direban Nvidia ne, kamfanin da ke ƙera katin hoto. Idan sunan wani fulogin ne da ka sani, ka kama ɓarawonka.

Lambobin shuɗin allo ma suna nuna hanya. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma na'urar ce da kanta ke kuka, galibi firosesa, saboda zafi ko ƙarfin wuta ko an matsa mata gudu. A cikin Event Viewer, wani kundin Windows da ke ajiye abin da ya faru, mutane sukan ga Kernel-Power 41 su ɗauka sun gano cutar. Wannan saƙon cewa kawai yake yi kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Amma in shi kaɗai ka gani, babu shuɗin allo kafinsa, zargin wuta ko zafi ya ƙara ƙarfi.

In dai zafi ne ko wuta, me ya sa ba ta mutuwa sai lokacin rendarin? Ina yini ina kallo da shiga intanet ba ta yin komai.

Saboda kallo da intanet ba sa tambayar kwamfuta komai. Rendarin kuwa, wato fitar da bidiyon da aka gama tacewa, yana ɗora firosesa da katin hoto a ƙarshen ƙarfinsu, su biyun a lokaci ɗaya, na tsawon minti ashirin ko awa guda. Kamar mota ce da ke yawo lafiya cikin gari, sai an yi mata lodi an hau tudu ake jin ainihin halin injinta.

Gwajin zafi ba wuya. Sauke HWiNFO, kyauta ne, ka buɗe sashen Sensors, ka bar shi a gefe, ka fara fitar da aiki. Ka sa ido kan layin da ke nuna mafi girman zafin da aka kai. Yawancin firosesan Intel iyakarsu digiri 100 ne, Ryzen 7000 na AMD kuma 95. In ka ga lambar ta manne a can, gudun firosesan yana sauka, to tana rage wa kanta aiki ne don kada ta ƙone, in hakan bai isa ba sai ta kashe kanta.

Sai ka cire wuta, ka buɗe murfin gefe, ka haska fitilar waya tsakanin fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. A ɗakin da ya sha hunturu ɗaya ko biyu ba a buɗe kwamfuta ba, abin da za ka tarar ƙura ce da ta dunƙule ta zama shimfiɗa, har ana iya ɗago ta da yatsa a haɗe. Fankar tana juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta ratsawa. Ka hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. In kwamfutar ta kwana biyu, a cire mai sanyayan a goge tsohon man da ke saman firosesa, wanda za ka ga ya bushe yana farfashewa, a sa sabo. Ga wanda ke aiki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafin waje kan wuce digiri 40, wannan ba aikin ganin dama ba ne. Iskar da fanka ke ja ma da zafinta take shigowa.

Wuta kuma gida biyu ce. Akwai tukunyar wutar da ke cikin kwamfutar, wato power supply, akwatin da ke raba wa sassanta wuta. Katin RTX 3080 shi kaɗai yana jan wat 320, Nvidia kuma ta ce a haɗa shi da tukunya mai wat 750. Irin waɗannan katunan sukan fizgi wuta fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido, tukunya mai rauni sai ta katse don kare kanta. Wannan yana yawan samun masu sayen wokisteshan na hannu, wato babbar kwamfutar aiki, su ƙara masa babban kati. HP Z440, alal misali, akwai mai tukunyar wat 525, akwai mai 700, kuma daga waje ba ka bambance su sai ka duba takardar da ke jikin tukunyar.

Gida na biyu shi ne wutar da ke shigowa daga bango. In ka lura mutuwar tana zuwa daidai lokacin da aka juya zuwa janareta, ko firij ya tashi, ko kwan ɗaki ya yi ƙasa, to ba ruwan kwamfutar. UPS take buƙata, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, mai ƙarfin da ya fi abin da take ja, kuma wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa, domin wasu tukwanen zamani ba sa jituwa da wutar da ƙananan UPS masu arha ke fitarwa in sun koma kan batir. Ni a ganina, mai shagon tace bidiyo da zai zaɓa tsakanin ƙarin RAM da UPS mai kyau, ya fara da UPS.

An ce in sabunta direban katin hoto. Na sabunta, abin ya ƙaru.

Yana faruwa. Sabo ba shi ne mafi kwanciyar hankali ba. Nvidia tana da direba iri biyu: Game Ready na masu wasa, wanda ake yawan sakewa, da Studio Driver da ta fito da shi a 2019 don masu irin aikinka. Na biyun za ka sa. Kuma kada ka ɗora shi a kan tsohon. Ka shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, ka goge tsohon da DDU, manhajar goge direban katin hoto, ka cire intanet don kada Windows ta riga ka zuba nata, sannan ka sa wanda ka sauke. In matsalar ta fara ne washegarin sabuntawa, koma wa na baya. Wanda ya zauna lafiya da kai, ka ajiye fayil ɗinsa, kada ka taɓa shi ana tsakiyar aikin mutane.

RAM ɗina 32GB ne. Ai ba zai zama shi ba ko?

Yawa daban, lafiya daban. Adobe tana ba da shawarar 16GB don aikin HD, 32GB don 4K, saboda haka ta fuskar yawa ka isa. Amma sandar RAM ɗaya mai lahani tana iya yin shiru wata da watanni, sai ranar da aiki ya cika RAM har ya kai wurin da ya lalace. Alamarta ita ce mutuwa ba tsari: yau a nan, gobe a can, lambar shuɗin allo tana canzawa. Ka sa MemTest86, shirin gwajin RAM, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka bar shi ya kwana yana gwaji. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. Daga nan ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe XMP, ko EXPO in AMD ce, wato saitin da ke ƙara wa RAM gudu, ka sake gwadawa. In har yanzu akwai kuskure, ka riƙa gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya. Haɗa sanduna masu kamfani da gudu daban-daban ma yana jawo wannan.

Kada kuma a rikita RAM da ma'ajiyar katin hoto. Resolve ta fi dogara da katin, in ta rubuta maka GPU memory is full, ko RAM ɗinka 64GB ne ba zai cece ka ba. Ka sauke girman taimlayin, wato layin da ake jera guntayen bidiyo a kai, zuwa 1080 yayin aiki, ka mayar 4K lokacin fitarwa, ka kuma bar rage hayaniyar hoto zuwa ƙarshe, don yana cikin abubuwan da suka fi cin ma'ajiyar.

Akwai wani abu da ya kamata masu Intel Core i7 da i9 na zubi na 13 da na 14 su sani. A watan Yulin 2024 Intel ta amince cewa wasu daga cikin waɗannan firosesan na tebur suna neman ƙarfin wuta fiye da ƙima, abin da ke lalata su a hankali har su riƙa faɗuwa a ƙarƙashin nauyi. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ciki har da 0x12B a watan Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya dawo da wanda ya riga ya lalace. In kana da irinsu, sabunta BIOS tun yau, amma a kan UPS, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar wannan aikin tana iya kashe madabod, babban allon da sauran sassa ke haɗe a kai.

Tawa kullum a wuri ɗaya take tsayawa, in fitarwa ta kai daidai wannan wurin sai ta rufe.

Wannan labari ne mai daɗi, domin na'ura mai ciwo ba ta zaɓar wuri. Akwai wani abu a daidai wannan gurbin na taimlayin. Premiere takan rubuta Error compiling movie, a ƙasa kuma ta ba da lokacin da ta tsaya. Je ka wurin. In ba ta faɗa ba, raba aikin biyu ka fitar da kowane rabi, wanda ya faɗi ka sake raba shi, cikin 'yan zagaye za ka iso kan guntun. Yawanci fayil ne da bai kwafu daidai daga kati ba, ko hoto mai girman gaske, ko wani ifek, wato adon da aka ɗora wa hoton, ko bidiyon waya.

Bidiyon waya na da halinsa. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya a daƙiƙa. Takan rage in haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. Manhajar tacewa kuwa ta fi son tsayayyen adadi, shi ya sa murya ke gocewa daga baki, wani lokaci ma manhajar ta faɗi. Mai haɗa bidiyon biki da aka turo masa daga wayoyi biyar ya san wannan ciwon kai. Ka wuce da su ta manhajar HandBrake ka zaɓi Constant Framerate, ko ta manhajar Shutter Encoder ka mayar da su ProRes ko DNxHR, nau'o'in fayil masu sauƙin tacewa. Fayil zai yi girma, amma kwamfutar za ta huta. Haka nau'in bidiyo na H.265 mai 10-bit 4:2:2 da kyamarori da yawa ke ɗauka yanzu: katunan Nvidia kafin jerin RTX 50 ba sa warware shi da kansu, nauyin a kan firosesa yake faɗawa. Maganinsa furoksi, wato ƙananan kwafi marasa nauyi da za ka yi aiki da su, a koma kan na asali wajen fitarwa.

In kana zargin katin hoto ne ke tuntuɓe a kan fayil ɗin, ka kashe hardware decoding a sashen Media na saitin Premiere, wajen fitarwa kuma ka zaɓi Software Encoding. Zai ɗauki lokaci, amma in ya wuce lafiya ka san inda matsalar take.

Manhajar tawa ba ta saye ba ce. Yana da nasaba?

Yana iya kasancewa, kuma babu hanyar tabbatarwa, don an taɓa cikinta, ba ta karɓar gyare-gyaren kamfani, wani lokaci ma da ƙwayar cuta take zuwa. DaVinci Resolve tana da sigar kyauta da ke fitar da aiki har Ultra HD. Ka ɗora bidiyon nan a cikinta. In ta yi aiki lafiya, kwamfutarka ba ta da laifi.

To yaushe ne fomatin ya dace?

Bayan zafi ya daidaita, RAM ta ci gwaji, an sa direba mai tsabta, an goge Media Cache, wato fayilolin wucin gadi da manhajar ke tarawa, an mayar da saitin manhajar yadda ya zo, an cire fulogin, an kuma duba lafiyar faifai da CrystalDiskInfo tare da tabbatar da cewa bai cika maƙil ba. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, kana gwadawa da aikin nan da ke kashe ta, kana rubutawa a takarda. In ka canza uku tare ta warke, ba ka san wanne ne ba, ranar da ta dawo kuma daga farko za ka fara.

Kafin ka shiga duk wannan, ka sa Auto Save na Premiere ya riƙa ajiya kowane minti 5, a Resolve kuma ka kunna Live Save da Project Backups. Wurin ajiyar ya kasance a wani faifai daban da wanda aikin yake kai, domin in faifan ne ke da ciwon, da aikin da kwafinsa tare za su tafi.